Ranar da Na Ƙi Sauri Zuwa Yashe

Lokacin da aka ɗauke ni masinja a wata sabuwar sakandare a gefen Kankia, malamanmu shida ne. Ban iya boko ba a sa'annan, sai yanzu da furfura nake koyo, amma ni ke kai musu shayi, don haka da kofuna nake sanin yawansu.

A cikin shidan mutum ɗaya ne ke koyar da lissafi, kuma ya san babu wani sai shi. Da damina ta sauka, sai ya hau babur ya tare a gonarsa wajen Yashe, aji ya zauna wayam. In aka ji sufeto na tafe, shugaban makaranta ya ce in ɗauki keke in kira shi. Na yi wannan gudun har ban san iyaka ba, gumi na shigar mini ido.

Ran Asabar kuwa ɗalibai yake kwasa su yi masa noma. Babban ɗana yana aji biyu. Wata Asabar ya ƙi zuwa, saboda ina kwance da zazzaɓi, ciyawa ta rufe geronmu a ƙauyenmu Ƙofa, shi ya je ya nome. Ran Litinin malamin ya zane shi a gaban kowa, ya ce ko yaron ya bar makarantar ko shi ya bari.

Na durƙusa a ofis na roƙi shugaba.

Ya ce, "Baba masinja, ɗalibai ga su nan birjik. Malamin lissafi fa, in ya tafi, kai za ka koyar?"

Aka kori yaron. Na ci gaba da kai wa malamin shayinsa ina gaishe shi da ladabi. Shi ma bai fasa ce mini "kai, tsoho" ba.

Sai kuɗin man fetur ya zo wa gwamnati. Aka kawo malamai Indiyawa, aka kawo 'yan Gana, ga 'yan bautar ƙasa, ga yaranmu na gida da suka gamo kwalejin horon malamai. Kofuna suka yi kaɗan, aka sayo wasu, har sai na yi sawu uku da faranti. Masu lissafi kaɗai suka zama huɗu. Kowa ya ga an samu canji, ban da malamin nan mai gona a Yashe. Damina na sauka ya nufi gona kamar kullum.

Wata Laraba da hantsi motar sufeto ta shigo ba sanarwa. Shugaba ya raɗa mini, "Maza Yashe. Kafin azahar za a duba ajinsa."

Na fita daga ƙofar makaranta da sauri. Da na sha kwana sai na sassauta. Na tsaya na sayi fura na sha a zaune. Na ga wani surukina a bakin hanya, muka gaisa, na tambayi lafiyar gidansa mutum ɗaya-ɗaya, har da tumaki. Azahar ta same ni a wani ƙauye, na bi jam'i, na zauna na ja carbi.

Na iske shi a cikin dawa da fartanya.

"Malam, sufeto ya zo."

"Yaushe?"

"Tun hantsi."

Ya dubi rana, ya dube ni. "Tsoho, mi ya tsai da kai?"

"Tsufan, Malam."

Ko ƙafa bai wanke ba ya buga babur. Kafin ya isa, sufeto ya riga ya tambayi ɗalibai rabonsu da ganinsa, sun kuma faɗi gaskiya. Wannan karon shugaba bai roƙi sufeto ya yafe masa ba, tunda ga wasu masu lissafi.

Washegari shugaba ya kira ni ofis. "Keken ne ya lalace?"

"A'a, ranka ya daɗe, lafiyarsa lau."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in je in buga ƙararrawa. Kafin a yanke gero takardar sallamar malamin ta iso, kuma ni aka ba in kai masa har gida. Ran nan kam na taka keke sosai.