Wajen Rijiya

Ana sanar da direbobi da masu amalanke da ke bin hanyar Cadawa zuwa Agiye cewa randar da ke gindin gawon nan ta wuni babu ruwa. Mai cika ta, Malam Falalu, Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, 2025, bayan gajeriyar jinya.

Falalu, rana ɗaya aka kai mu lakol, makarantar boko. Ni na zauna ina cin littattafai, kai ka gudu ka haƙa rijiya. Shekara talatin kana cika randar nan kowace safiya, ba ka taɓa tambayar mai sha daga ina yake ba. Makiyaya suka fara cewa Rijiyar Falalu, direbobi suka ga sunan ya yi tsawo suka yar da rijiyar. Yau gida goma sha ɗaya, da masallaci, da rumfar mai faci, duk Falalu ake ce musu. Na sha tsokanar ka cewa mutanen da ake sa wa gari sunansu sukan yi kawaici su mutu tukuna. Sai ka miƙo mini moɗa ka ce in fara shan ruwa.

Wadda abin ya wahalar ita ce maiɗakinka, Gimbiya. Ba ta faɗin sunan miji, ga shi sunan mijin ya zama garinsu. In ta taso daga kasuwar Agiye, sai ta ce wa direba ya ajiye ta wajen rijiya. Sau biyu baƙon direba yana wucewa da ita, ta dawo a ƙasa da kaya a ka. Na zaunar da ita na yi mata dogon bayani irin namu na masu karatu: sunan ya bar mijinta, ya zama na wuri, kowa na iya faɗinsa ba ya jin komai. Ta ce, "To, Malam." Ba ta canza ba.

Ranar sadakar uku na shiga mota daga Agiye. Ban yi kuka ba, har yau ma ban yi ba. Direba ya juyo ya tambaye ni inda zan sauka. Na buɗe baki, mutane suna jira.

"Wajen rijiya," na ce.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya shayar da kai yadda ka shayar da bayinSa. Ya ba 'ya'yanka, Marwa da Bilyaminu, haƙurin rashinka.

Gimbiya, Allah Ya ba ki dangana. Bayanin nan da na yi miki, ni ne ban gane ba.