Kwaɗo Biyu a Ƙofar Shagona

Na yi shekaru ina ɗinka wa ma'aikatan jinya da ɗalibai fararen kaya a wani ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, dab da asibitin koyarwa. Keken ɗinki biyu ne a ciki, sai teburin yanka, da fankar da sai an zungure ta take juyawa. Ba wani shagon a zo a gani ba ne, amma duk wanda ya san ni, a nan ya san ni.

Wata safiya na iso na tarar da wani jibgegen kwaɗo a saman nawa kwaɗon. Alhaji mai ginin ne ya sa aka garƙame. Dama ya aiko cewa in tashi, masu kemis na son wurin, na ce hayata ta bana ba ta ƙare ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kayan mutane na ciki, ga ɗalibai sun yi cirko-cirko suna tambayata rigunansu.

Har na aro guduma, wata nas da nake yi wa ɗinki ta tare ni, ta kira mijinta, lauya ne, ta miƙo mini wayar.

"Kada ka taɓa kwaɗon nan, ɗauki hotonsa kawai," in ji shi. "Mai gida ba shi da ikon rufe maka shago da hannunsa. Sai ya ba ka notis a rubuce, wa'adi ya cika, sannan ya je kotu. Alƙali ne kaɗai zai ce ka fita. Ka same ni a ofis gobe."

Na kasa zama wuri ɗaya. Da yamma na taka har Tarauni wajen Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Don in rage zafin zuciya kawai na zazzage masa labarin. Ya saurara, ya ce Allah ya kyauta.

Washegari na tarar an cire kwaɗon. Ina cikin murna Baffa ya kira ni, muryarsa wasai. Ashe bayan sallar asuba ya ɗauki limamin masallacinsu suka je gidan Alhaji a Daurawa ba da haƙuri. Alhaji ya ce albarkacinsu a buɗe. Shi kuma Baffa ya yi masa alkawarin zan kwashe kayana bayan Babbar Sallah.

Wallahi ji na yi kamar in yi ihu. Na garzaya wajen lauya, ya ce maganar Baffa ba ta ɗaure ni ba, tunda ba shi ne ɗan hayar ba. In na yarda, yau ma sai a shigar da ƙara.

Makonnin nan ban san kaina ba. In zauna a kan keke, in miƙe, in leƙa titi, in dawo in tarar na ɗinka hannun riga a baibai. Sau nawa ina kama hanyar Tarauni, in juyo daga rabi. Ranar da na daure na ƙarasa, na durƙusa na ce, "Baffa, lauya ya ce gaskiya tawa ce. Doka ta ba ni dama in zauna."

Ya dube ni ya ce, "A gaban liman na yi maganar nan, ɗana. In ka kai Alhaji kotu, ni ka kai. Da wane ido zan shiga sahu?"

Ban sake komawa ofishin lauyan ba.

Bayan Sallah Baffa da kansa ya nemo motar kwasar kaya, ya zo da wuri cikin farar babbar riga. Ya hana kowa ɗaukar dutsen guga, ya rungume shi har cikin mota. Da muka gama, ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Ka ga an rabu lafiya, ba kotu, ba 'yan sanda. Ka ga amfanin manya ko?"

Na ce, "Na gani, Baffa." Sannan na juya ina ta ɗaure igiyar da na riga na ɗaure, don kada ya ga idona.