Lawwali Na'Allah da Motar da Ta Shekara Bakwai a Rumfa

Da an sallame sallar asuba, Malam Lawwali Na'Allah yakan saɓi buhun kayan aikinsa ya nufi gindin dogon yaron da ke bakin hanyar Isa. Ya share wurin, ya shimfiɗa kwali, ya jera sufanu daga ƙarami zuwa babba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kanikanci a Sabon Birni. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don hannunsa ya fara rawa.

Ayyukansa da yawa, amma za ni kawo ɗaya da aka yi a gabana, kakar bara.

Hafiza Isah ta Unguwar Lalle ta gaji wata tsohuwar a-kori-kura wurin mahaifinta, ƙirar shekarun saba'in. Tun rasuwarsa motar take rufe cikin rumfa, shekara bakwai. Bara geron Hafiza ya yi kyau, sai dai gonar tana nesa da gari, kuma kowa ya san yadda dajin ya koma saboda 'yan bindiga: ba a barin amfani a gona, ba a kuma daɗewa can. Masu motar haya suka ƙi zuwa. Ƙanenta Maliki ya sa sabon batir ya tada motar. Ta tashi, amma tana tari tana karkarwa, baƙin hayaƙi na tuƙuƙi, da ya taka totur sai ta mutu. Kanikawa biyu suka duba, kowanne ya ce sai an sauke inji, aikin mako uku.

Da Malam Lawwali ya zo, bai kwance buhunsa ba. Ya tambayi Maliki, "Man da ke cikin tanki, na yaushe na?"

"Sabo munka ƙara bisa wanda munka iske."

Ya buɗe tankin ya sansana, ya kau da kai. "Wanga ba hetur na ba, ya koma ƙaro. A juye shi duka."

Aka juye, aka zuba sabo, aka tada ta. Sai ya riƙa zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ta farko da ta biyu, ƙarar inji ta ƙara lalacewa. Da ya zare ta uku, babu abin da ya sauya. Ya bi wayar da yatsa har ya iske inda ɓera ya gaigaye ta. Ya buɗe tukunyar iska, ga gidajen zanzaro sun cika ta da ƙasa. Kafireta kuwa ya warware ta kan faranti, yana wanke ƙananan ƙofofinta yana busawa da baki.

Hafiza tana tsaye bakin rumfa. Ta ce, "Baba, gaya mini gaskiya. In ba ta yi, in san abin da za ni yi da gerona."

"Ɗiyata, injin tsohonki lahiya lau yake. Zama na yad dame shi. Ko mutum in ya daɗe kwance, ran da yat tashi sai ya yi tangaɗi."

Kafin la'asar ƙarar motar ta daidaita. Duk da haka ya hana Maliki fita sai da ya sauya tiyon birki da ya tsattsage. Cikin kwana huɗu geron Hafiza ya shigo gida, tare da na maƙwabtan gonarta uku.

Kai ne, Malam Lawwali, likitan da ke tambaya kafin ya tsaga. Kai ne ba ka taɓa kiran ƙaramin ciwo babba ba, kuma abin da ya fi ƙarfinka kakan faɗa a fili, ka nuna wa mutum inda zai je.

Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Masu sana'a kuwa, kowace iri ce, su samu lokaci su zauna kusa da shi su ga yadda ake aiki. Ba ya rowar sani, sai dai ba ya faɗin magana sau biyu.