Ɗakin da Muka Toshe wa Taga

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar Jangeru, ni ce ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanyar. Don kada a hango haskenmu daga daji, sai muka sa aka buga kwano a tagogin ɗakin haihuwa. Da bakina na kawo wannan dabara, har ina jin kaina. Daga nan ɗakin ya koma ba dare ba rana, sai ƙwan fitila guda na sola mai jan haske. A ƙarƙashinsa kowa rawaya yake, har farar rigata. Kullum ina tashi aiki da ciwon kai, ina ɗora wa zafi laifi.

Wata safiyar Laraba wata tsohuwa daga rugar Fulani ta shigo da jikanta, ɗan kwana huɗu, uwar tana biye da ita. Ni na karɓi haihuwarsa. Ranar Talata ma sun kawo shi, wai ba ya kama nono sosai, na duba shi a ɗakin nan na ce lafiyarsa ƙalau, su koma gida. Yau kuma wai idonsa ya canja launi. Ganinsu kuma sai raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, kuma ba na son a nuna mini aikina. Na sake kwantar da shi ƙarƙashin fitilar, na buɗe idonsa, na ce ban ga komai ba.

Tsohuwar ko gezau. Ta ce su ko maraƙi za su duba, ba sa buɗe masa ido a inuwa, sai sun ja shi fili.

"Ɗiyata, hito da shi ga rana ki gane shi. In kin ce lahiya lau, mu tahi."

"Inna, nan asibiti ne, ba ruga ba," na ce da ita.

Ta naɗe jaririn a zane ta nufi ƙofa, ni kuma na bi ta don kawai in rufe mata baki. A bakin ƙofa na danna yatsa a goshinsa na ɗaga. Wurin ya fito rawaya kamar an shafa kurkum. Na kware zanen: ƙirji, ciki, har tafin ƙafa. Shawara ce, kuma ta yi nisa, irin wadda in ta hau kan jariri take taɓa ƙwaƙwalwa.

Ba mu da fitilar nan mai shuɗin haske da ake sa jarirai a ƙarƙashinta, sai babban asibiti a Kaura Namoda. Ga shi a lokacin direbobi ba sa bin hanya ɗai-ɗai, sai sun taru, kuma in la'asar ta yi shi ke nan sai gobe. Na bar abokiyar aikina da ɗaki, muka tsaya bakin titi. Mota uku suka wuce maƙil da buhunan gero. Yaron ya fara wani siririn kuka yana banƙarewa, ni kaɗai na san abin da hakan ke nufi, kuma na kasa faɗa. Sai bayan azahar wani mai ɗaukar awaki ya tsaya, na roƙe shi kamar zan durƙusa. Duk tsawon hanyar kowa idonsa na kan daji, nawa na kan yaron.

Da muka isa, likita ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce sun kawo shi jiya. Ya dube ni, ya juya kan yaron.

Yaron ya rayu. Yanzu shekararsa biyar, kyakkyawa, mai ƙiriniya, amma kurma ne, ba ya ji. Na tambayi likitoci ko kwana ɗayan nan ne ya jawo, kowa ya ce Allah ne masani. Uwarsa kuwa duk ranar kasuwar Shinkafi sai ta biyo da ƙwaryar nono, ta kamo hannunsa ta nuna masa ni, tana yi masa alama cewa ga wadda ta cece shi. Har yau ban iya gaya mata gaskiya ba, nonon kuma ban taɓa iya sha ba.