Ƙyauren Aro

Shekarar da aka rufe masallatai saboda cutar korona, kowa yana sallarsa a gida, ita ce shekarar da na bar Matankari na kama haya a Dogon Dutsi. Manyan ƴaƴana sun isa shiga kwaleji, ni kuwa ban so in ajiye su a gidan wani ba. Wani abokina da muka yi karatun allo tare ya nuna mini ɗaki biyu da salo, wato falo, a tsohuwar unguwa, can gindin dutse, inda lungu ke matsewa har amalanke sai da dabara take wucewa. Gidan ƙasa ne mai rufin azara, ginin kakanni. Bangonsa na da kauri, idan ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi kamar ka tsuguna gindin randa. Na duba rufi ban ga alamar yoyo ba, na ce Alhamdulillahi, na kama.

Ranar da na kawo kaya sai na tarar da ƙofar salo a wangale. Ashe wanda ya tashi daga gidan shi ya saka ƙyauren tun farko, da zai tafi kuwa ya cire abinsa har da ƙusoshi. Na kira mai gidan, wanda ke zaune a Yamai, ya ce haka ake yi a birni. Uwargidana tana Matankari tukuna, da labari ya kai mata ta aiko cewa ba za ta kwana a gidan da akuya za ta shigo ta gaishe ta ba. Abin hannuna kuma ya ƙare wajen haya da ɗaukar kaya.

Ina tsaye ina kallon ƙofar sai ga maƙwabcina da muka haɗa bango, wani dattijo Kirista, tsohon direba, ya leƙo yana taunar goro.

"Malam, addu'a kake yi mata ta tsiro da gambu?" Gambu yake ce wa ƙyaure, kamar yawancin tsofaffin unguwar.

Na ce, "Baba direba, in ka san wadda ake yi, koya mini."

Ya ja ni gidansa ya nuna mini wani ɗakin siminti da ya gina wa ɗansa, wanda ya tafi neman aiki Kwatano. Ɗakin babu kowa, amma da ƙyaurensa na katako mai kyau.

"Ɗauka. Amma hwa aro ne. Ran da yarona ya dawo da amarya, ka maido mini abina."

Da muka kai ƙyauren sai ya ƙi shiga ƙofar. Mutanen da suna gina ƙofa gajera, duk mai shiga sai ya sunkuya. Kafin in buɗe baki dattijon ya ɗauko zarto ya yanke taƙi guda daga ƙasan ƙyauren. Na ce, "Baba, ka lalata abinka." Ya share gumi ya ce, "Aika a ce wa matarka ta taho."

Ta kuwa taho, muka zauna. Ɗaki ɗaya namu, ɗaya na yara, salo kuma nan na jera littattafaina, nan nake karantar da masu son koyon ajami bayan la'asar. Na saba da unguwar har nakan gane mai wucewa daga takunsa. Da asuba ladan, ranar Lahadi ƙararrawar coci, da rana kuwa ƙarar turmi daga kowane gida. Idan damina ta yi kyau mukan ji kukan kwaɗi daga tabki. Da Layya naman maƙwabcina nake fara warewa, da Kirsimeti kuma matarsa takan aiko da shinkafa da kaza, ta ce a faɗa wa Malam mahaucin kasuwa ne ya yanka. Duk sanda dattijon zai shigo sai ya ƙwanƙwasa ya ce, "Salamu alaikum, ba wurinka na zo ba, gambuna na zo dubawa ko kuna ba shi abinci." Na sha yi masa maganar in yi nawa in mayar masa, yakan ce in bari, ɗakin da babu kowa zana ma ta ishe shi.

Haka shekaru suka tafi, har wata safiya ya shigo bai ƙwanƙwasa ba, bakinsa har kunne. Ɗansa ya dawo, ya kuma sami mata a nan garin, ɗiyar wani malamin lakwal, wato makarantar boko. Za a kawo kayan amarya ranar Juma'a, a ɗaura aure a coci ranar Asabar.

Washegari na cire ƙyauren na ɗauka a kai na kai masa. Muka kafa shi a mazauninsa na asali, muka ja baya. Sama ya zauna daidai, ƙasa kuwa ga taƙin nan da zarto ya ci, haske na shiga. Muna cikin kallo wata kaza ta sunkuya ta shige ɗakin amarya. Matar dattijon ta fashe da dariya.

"Ba komi," in ji shi. "Mu buga mai guntun katako."

Amma na ga fuskarsa. Dangin amarya za su zo jere, kuma matan da ke jere babu abin da idonsu ke tsallakewa. Mutumin nan ya yanke ƙyauren ɗansa don iyalina su kwana a rufe, ba zan bari surukai su fara ganin gidansa da faci ba. Na ɗauko igiya na auna tsawo da faɗi, na ƙulla.

A gida akwai ragon da uwargida ke kiwo. Ban gama yi mata bayani ba ta ce, "Kwance shi, Malam. Ni ce na ce ba na kwana ba ƙyaure." Na kai shi kasuwa na sayar, daga can na wuce wurin kafinta kusa da tasha. Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai sati mai zuwa. Na shimfiɗa buzuna a inuwar rumfarsa na fito da tasbaha. Ya ce, "Malam, mi kake yi?" Na ce jira nake. Haka na riƙa zuwa kowace safiya ina zama, har ya gaji da ganina ya ture aikin wasu ya kama nawa. A kwanakin nan tabarma muka rataya a ƙofar salonmu, akuyar maƙwabta kuwa ta shigo ta gaida uwargida har ɗaki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ɗora sabon ƙyaure a amalanke, fentinsa shuɗi bai gama bushewa ba. Muna buga ƙusar ƙarshe muka ji guɗar mata daga bakin lungu, kayan amarya sun iso. Dattijon ya buɗe ƙyauren ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, ya tsuguna ya leƙa ƙasa bai ga haske ba. Ya miƙe da fenti a tafin hannu.

Na ce, "Baba direba, na fita?"

"Ka hita, Malam. Ka biya." Ya nuna guntun ƙyauren da ke jingine da bango. "Kwashe wancan ka tai da shi, naka ne. Mata na son wuri."

Na ɗora shi a kai, na raɓa ta gefen masu ɗauke da kwanoni, na nufi gida.