Gayyatar Sunan da Ta Biyo Mu Sabon Dandali

Akwai abin da mutum ke mantawa don ransa ya huta, akwai kuma wanda ko ya so mantawa jama'a ba za su bar shi ba. Tafiyarmu cin suna Argungu tana cikin kashi na biyu, kuma tun da ba zan taɓa mantawa da ita ba, gara in ba da labarin da bakina kafin wasu su ƙara masa gishiri.

Muna da wata ƙungiya ta masu rubuta manhajar kwamfuta a Kebbi: malaman makaranta irina, ma'aikatan gwamnati, ɗalibai, da waɗanda suka koya a shagon buga takardu. Shekara da shekaru ta jerin imel muke magana, ka aika saƙo ɗaya ya faɗa akwatin kowa. Tsarin ya yi mana rana, amma ya tsufa. Ɗalibi zai tambayi dalilin da manhajarsa ta ƙi tashi, mutum goma su amsa, tara gaisuwa ce da tambayar iyali, na goman kuma ya ce shi ma tasa ta ƙi. In kana neman amsar da aka bayar bara, sai ka yi ta lalube kamar wanda allurarsa ta faɗa fadama. Shi ya sa na kawo shawarar mu koma dandali irin na zamani, inda kowace tambaya ke da ɗakinta, kuma ana iya bincike.

Mutum ɗaya ya tsaya mini a wuya: dattijon da ya kafa jerin, tsohon malamin lissafi da ya koyar da ni a sakandare, wanda kowa ke kira Baba Malam. A ganinsa imel baƙo ne mai ladabi da ke zuwa har gida, dandali kuwa kasuwa ce, sai ka wanke ƙafa ka je. Ya kan yi alfaharin bai taɓa amsa saƙon da bai karanta har ƙarshe ba, mu kuwa 'yan zamani kan magana kawai muke lasa. Da ƙyar ya yarda a gwada wata ɗaya, bisa sharaɗin in tsohon saƙo ko guda ya ɓata ko ya gurɓata a wajen ƙaura, a koma imel, ni kuma kada in sake ɗaga maganar. Na amince a gaban kowa, da murmushin wanda bai san abin da ke jiransa ba.

Ranar Talata na kwashe tsofaffin saƙonni zuwa dandali. Laraba da safe na ga ɓarnar: 'yar manhajar da na rubuta don kwasar ta buga wa kowane saƙo kwanan watan ranar ƙaura, duk suka zama kamar jiya aka rubuta su. Gyaran bai kai aikin awa guda ba. Har na ɗora hannu, sai na ga wani saƙo ya taso sama. Wani ɗan ƙungiyarmu ne na Argungu, mai haɗa kwamfuta da noman shinkafa, yake sanar da cewa iyalinsa ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, suna ranar Asabar. Na san saƙon, don shekara bakwai da suka wuce na ci naman sunan nan. A ƙarƙashinsa kuwa ga amsa ɗaya tak, daga Baba Malam: “Allah shi raya. Muna nan tafe.”

Sai na janye hannuna. Shaiɗan bai taɓa zuwa mini da lissafi mai tsabta irin na ranar ba. In na bar Malam ya kama hanya ran Asabar, sannan na gyara kwanan watan a bayansa, saƙon zai fito da shekarunsa na gaskiya, ɓarnata ta ɓace, shi kuma a ce mai karatu har ƙarshe bai duba ko kwanan wata ba. Na tashi na sha shayi, na je aji na koyar da darasi kan riƙon amana wajen ajiye bayanai.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin dandalin da ni na kawo: saƙon da aka fi amsawa shi ke zama a sama. Kafin Juma'a, barka ta cika shafin. Sababbin shiga ba su san komai ba, tsofaffi kuma suka ɗauka wata haihuwar ce aka yi. Duk wanda ya ce zai kira mai gayya, sai Malam ya ce a bar shi, yana fadama, shi ya riga ya yi magana da shi kuma ana jiranmu. Na ɗauka fankama ce irin ta manya.

Asabar da hantsi ina zaune gida a unguwarmu ta Gesse, kwamfuta a cinya, sai na ji hon. Bas ce cike da 'yan ƙungiya, Malam a gaba, ya ajiye mini wuri kusa da shi. Na ce ina da ɗan aiki. Ya ce mai dandali ba ya fashin gayyar farko da dandalinsa ya kawo. Na ɗauko jakar kwamfuta, ya ce in mayar, ba a zuwa suna da ofis.

Ban taɓa sanin hanyar Argungu na da tsawo haka ba. Muna wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, Malam ya shiga yabon dandali da babbar murya, wai ga shi ko gayyata ba ta ɓata ba. A bayana akwai wata 'yar Filato da ke koyar da kwamfuta a garinmu, muna ce mata Madam, rungume da baho cike da sabulu da 'yan rigunan jarirai, tana ba da labarin yadda ta zagaye kasuwa kafin ta samu masu ruwan hoda. Sau biyu na buɗe baki in faɗi gaskiya, sau biyu na rufe da tari.

Da muka isa, sai ga tabarmi a shimfiɗe ƙofar gida, ƙanshin shinkafa da kifi ya cika unguwa, maigida na ta maraba. Har zuciyata ta fara raya mini ko Allah ya cece ni da wata haihuwar ta gaske. Bayan gaisuwa Madam ta ce a kai ta ciki ta ga jaririya. Maigida ya ce ba sai ta wahala ba, ya leƙa zaure ya yi kira. Sai ga yarinya ta fito da ƙafarta, da giɓi a gaba, ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya.

Ita ce jaririyar saƙon, shekararta bakwai. Malam ya buɗe ledarsa a hankali, ya fito da jakar makaranta da littattafan rubutu, ya miƙa mata.

“Ni dai na karanta har ƙarshe,” in ji shi. “Wurin aikin da ubanta ya sa ƙasan saƙon, ya bar shi tun ba a yaye ta ba. Kai kuma, mai dandali, yaushe kag gani?”

Irin tambayarsa ce ta aji, wadda ya riga ya san amsarta. Na ce Laraba.

“Laraba. Kuma kay yi shiru, kana jiran tsoho shi faɗa rame.”

Dariyar da aka yi, har maƙwabta suka leƙo. Madam ta dangwara mini bahon a cinya, ta ce da ni da Baba duk Allah ya shirye mu, amma kayan ni zan riƙe har gida in nemo musu jariri. Malam ya kare kansa da cewa bai yi wa kowa ƙarya ba: ya ce ya yi magana da maigida, ya yi, ya ce ana jiranmu, ga shinkafa.

Sai da aka ci aka wanke hannu ya yanke hukunci. Ya ce bisa sharaɗi dandali ya mutu. Sannan ya ce amma shi bai taɓa ganin an ƙona mota don direba ya yi ganganci ba, direban ake saukewa. Dandali ya zauna, makullinsa ya koma hannun Madam, ni kuma aka ɗora mini bin tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya in tabbatar da kwanan kowanne. Hutun zangon nan duka a kansu na ƙare.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Kuskure in ka faɗe shi ranar da ka gan shi, aikin awa guda ne. In ka ajiye shi don ya kama wani, kiwonsa kake, kuma kai zai fara cizo. In kuwa har sai ka gina ramin mugunta, to kada ka gina shi a hanyar wanda ya koya maka awo.