Gyaɗa Huɗu A Gefen Sallayar Yaya Habiba

Bana shekara tara ke nan da aka kai yayata Habiba makwancinta a Fagam, kuma har yau ban yafe wa garin nan ta'aziyyar da ya yi ba. Ina daga cikin gida ina jiyo maza a ƙofar zaure suna ce wa mijinta, "Alhaji, kai kam ka yi haƙuri da ita, Allah ya ba ka lada." Shi kuma yana amsawa da muryar mutanen kirki.

Yaya ita ce ta koya wa matan unguwarsu ƙabli da ba'adi, wato sujadar gyaran sallah idan an yi mantuwa. Matar da ta rikice a sallarta wurinta take zuwa, ta warware mata tana tankaɗe, ko littafi ba ta dubawa. Wannan kan nata ne Alhaji ya riƙa haɗawa da bango, don miya ta yi gishiri ko don an daɗe ba a buɗe masa ƙofa ba. Maƙwabta suna ji ta katanga. Sai su ce tsakanin miji da mata sai Allah, su ƙara wa rediyo murya.

A hankali ta fara mantuwa. Ta ɗora tukunya ta zauna tana kallon ƙasa har abinci ya ƙone. Barci ya gagare ta. In ta ji ƙarar babur ɗinsa daga nesa, sai ludayi ya faɗi daga hannunta. Wata rana na iske gyaɗa huɗu a gefen sallayarta, tana ture ɗaya duk sanda ta ɗago daga raka'a. Ta ce mini, "Rabi, kada ki gaya wa ɗalibaina." Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Masanan gari suka yanke hukunci cewa iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi ta yi wa aljani tsawa, alhali aljanin yana zaure da hularsa yana cin goro. Da muka kai ta asibiti a Birnin Kudu, likita ya shafa kanta ya tambaya wa yake dukanta. Ƙanin mijin ya yi caraf ya ce a bakin rijiya ta faɗi. Rijiyar nan ta sha ɗaukar laifi.

Ina tambayar kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Alhaji ya yi furfura, ya samu sahun gaba a masallaci, har shi ake kira sulhu idan ma'aurata suka saɓa. An ba kura ajiyar nama, kowa kuma yana yaba amanarta. 'Yan matan yanzu da wayoyinsu sun san sunayen ciwon damuwa da firgici, amma in suka zo gida da kumburin fuska, maganar iyaye ba ta sauya ba: a yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Na ga wadda ta dafa nata, ban ga romon da ta sha ba.

Watan jiya 'yarta Safiya ta zo gidana daga Dingaya, inda take aure, da tabo a bayan kunne. Muka yi la'asar tare. Da ta sallame sai ta juyo ta ce, "Inna, raka'a nawa na yi?" Sai na tuna gyaɗar uwarta.

Washegari ubanta ya turo ƙaninsa, mai labarin rijiya, wai ta koma ɗakinta, aure ɗan haƙuri ne. Na ce, "Malam, haƙurin gidanku yana maƙabartar Fagam, ka je ka tambaye shi yadda ya ƙare." Ya ce ba ni da kunya. Na yarda, kunyar ce ta kashe mini 'yar'uwa.

Abin da ya rage na Yaya kaɗan ne, amma yana nan. Matan Fagam suna gyara sallarsu yadda ta koya musu, ko da sun daina ambatonta. Safiya kuma tana ɗakina, tana ganin likita, ta fara samun barci. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya cika miki raka'o'in da aka ɓatar miki. Muddin ina numfashi, 'yarki ba za ta ajiye gyaɗa a gefen sallaya ba.